Yaya Ba Ta Shiga Mota

Auta,

Gaisuwa daga wadda ta goya ka. Ina fata kana lafiya, kai da Malama da yara, kuma jirgin ruwan nan naku bai gama kaɗa maka ƙwaƙwalwa ba. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke ƙara idan na tashi daga kan keken ɗinki, ita kuma ba yau ta fara ba.

Kada ka ga rubutun nan manya-manya ka ɗauka ihu nake yi maka. Shi ne ma dalilin wasiƙar. Na so in kira ka, amma wayarka rabin shekara a teku take, in ma ta shiga ba ka barin mutum ya kai aya.

Idona ne. Tun bara nake ganin kamar an hura hayaƙi a shago. Na yi ta goge taga har maƙwabciyata mai kitso ta ce zan huda gilashin. Kafar allura kuwa mun daɗe da rabuwa. Makon jiya na ɗinka wa wani malamin makaranta aljihun riga bakinsa na kallon ƙasa. Bawan Allah ya ɗaga biro zai soke, ya rasa ta inda zai shiga, muka tsaya muna kallon juna. Washegari na tafi asibitin unguwa.

Likita ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, ta dama ta fi kauri. Wai aikin ba wani babba ba ne, amma ba su da kayan yinsa, sai babban asibitin da ke garinku. Ya ce kada in bari ta daɗe. Na ce na ji, na gode.

To, ba zan zo ba. Na faɗa tun yanzu don kada ka ɓata tawada. Abin da nake so, ka shiga wurin masu tabarau ka zaɓo mini mafi kauri, ka ba direban da ke kawo mini wasiƙunka. Ina da ɗinkin mutane jibge a kan tebur.

Ka shafa mini kan yara.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa da ladabin da aka koya mini da tef ɗin awo. Muna lafiya. Jirginmu na bakin gaɓa ana gyaran inji, don haka kullum ina kwana gida, hannu baƙi ƙirin da mai. Ƙaramar ta fara haƙori, tana cizon duk wanda ya kawo yatsa.

Tabarau ba zan aiko ba. Na je wurin masu shi, suka ce in yana ta rufe ido, ko gindin kwalba aka ɗora miki ba abin da zai ƙaru. Daga can na wuce babban asibiti, an ba ki rana a watan da ke bin na gobe. Kin ce kada in ɓata tawada, shi ya sa na ɓata takalmi.

Amma akwai magana. Malama ce ta karanta mini wasiƙarki ina wanke hannu. Da ta kai kan “ba zan zo ba” sai ta ninke takardar ta shige kicin. Da ƙyar na ji abin da ke ranta. Wai tun zuwanki na ƙarshe, lokacin da aka haifi babban, ta san ba ta kwanta miki ba. Ranar da kika iso ba ki taɓa abincinta ba, daren da za ki koma ma kika ture kwano. Yaron nan yanzu ya kusa kai ni tsawo, ita kuwa tana riƙe da wannan a ciki.

Na ce mata mota ce. Duk danginmu sun san Yaya da ledar amai. Ta ce wane irin jirin mota ne zai sa mutum ya zaɓi makanta?

Ni fa na san abin nan. Watannina na farko a jirgi, bokiti ne amini na, har abokan aiki suka sa masa suna. Yanzu ga ni ina cin abinci teku na hauka. Don haka ki rubuto mini dalla-dalla yadda kike yi idan za ki yi tafiya, tun daga daren jiya har saukarki a tasha. Kada ki rage komai.

Ƙaninki, wanda ba ya jin magana

*

Auta,

Na ga saƙo. Allah ya raya mai cizo, ta biyo ubanta. Gwiwa da sauƙi, ido na nan yadda yake.

Ka fara gaya wa Malama ta cire wannan daga ranta. Wallahi ban taɓa ƙin ta ba ko na minti ɗaya. Wa zai ƙi matar da ta iya zama da kai? Ranar da na iso hanjina ne bai koma mazauninsa ba. Daren komawa kuwa shiri nake yi.

Tunda ka tambaya, ga shirin, don ka san ba a zaune nake ba. In tafiya ta kama gobe, tun la'asar ɗin yau na rufe baki, ko ruwa sai dai in kurkure. Abin da babu a ciki ta yaya zai fito? A tasha nakan riga kowa zuwa don in kama kujerar can ƙarshe, ta lungu, inda ba mai ganina in abin ya zo. In rufe taga ruf saboda warin mai. In zuba turare mai ƙarfi a hankici in toshe hanci, in ja mayafi in rufe gefen fuska don kada in ga itatuwa na gudu. Sannan babbar dabarar: nakan tafi da aikin hannu, kalmasa ko sa maɓalli, in sunkuya a kai don hankalina ya bar motar. Ka san ni, hannuna bai iya zama haka nan ba.

Duk da wannan ƙoƙarin, kafin mu bar gari miyau ya fara taruwa, gumi mai sanyi ya keto. Daga nan sai yunƙuri, ba abin da ke fita sai ɗaci, har haƙarƙarina ya yi tsami. A waccan tafiyar wata yarinya da ke kusa da ni ta ce wa uwarta, “Mama, matar nan mutuwa za ta yi?” Uwar ta ce, “Yi shiru, sai mun sauka.” Kuna dariya kuna cewa Yaya da leda. Ni kuwa a lungun nan nakan roƙi Allah ya ɗauki raina kafin kwana ta gaba, kuma ba da wasa nake roƙon ba.

Wuni guda cur a hanya, a shekaruna na yanzu? Duhun nan aƙalla a hankali yake zuwa, kuma a ɗakina yake samuna.

Ka ga dai na yi duk abin da ɗan Adam zai iya.

Yayarka

*

Yaya!

Muna lafiya, kuma Malama ta saki ranta, har ta ce in gaishe ki sau biyu. Amma ki yafe mini, na yi dariya har na ƙware. Na karanta wa abokan aikina shirin nan naki a ɗakin inji, babban bakanikenmu ya zauna a kan durom yana share hawaye. Ya ce ko maƙiyi aka ba kwangilar sa ki amai, iyakar abin da zai tsara ke nan.

Bari in gaya miki yadda mai jinyar jirginmu ya bayyana mini. A can cikin kunne akwai wani ɗan wuri mai ruwa wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. Ido ma yana kai nasa rahoton. In bakinsu ya zo ɗaya, lafiya lau. Amma in kin sunkuya a kan maɓalli, ido na cewa a zaune muke, kunne na cewa ƙarya ne, ana wujijjiga mu. Ƙwaƙwalwa ta rasa wa za ta gaskata, sai ta huce a kan ciki. Shi ya sa mu na ƙasan jirgi, da ba ma ganin waje, muka fi kowa shan wuya. In abin ya taso wa sabon ma'aikaci, sama ake kora shi ya sha iska, ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sararin sama.

Yanzu dubi naki. Kujerar ƙarshe ta fi kowace tsalle. Ciki wayam ya fi saurin tashi, kamar yadda cikin da aka cika da maiƙo yake yi. Turare a rufaffiyar mota kuwa, ko ni sai na nemi bokiti. Ga mayafi, ga ɗinki. Shekara da shekaru kina haɗa wa kanki da kanki!

Maganin ba wuya. Ki ci abu kaɗan marar mai kafin ki fito, ko burodi da shayi. Ki zauna gaba kusa da direba, ki sauke gilashi iska ta taɓa fuskarki. Allura da zare su yi zamansu a gida. Sannan babban sirrin: ki ɗaga kai ki dubi nesa, can ƙarshen titi inda ya haɗu da sama, kada ki sauke ido daga nan. Shi ke nan fa. Ko yaro zai iya.

Sai kin zo. Na fara gyara miki ɗaki.

Auta

*

Yaya,

Lafiya kuwa? Direba ya zo har sau uku hannu rabbana. Ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kuma ya ga shagon a rufe da rana tsaka. Na kira, mai kitso ta ɗauka ta ce kina kwance, ba ciwo ba ne, ba kya son magana ne kawai.

An gama gyaran inji, jibi za mu tashi, kuma ba zan dawo ba sai dab da ranar asibiti. Don Allah ko layi ɗaya ne ki rubuto. In wani abu na faɗa, ki gaya mini wanne ne, kin san ni da baki.

Auta

*

Auta,

Ina lafiya.

Ka ce in dubi nesa. Da wane idon? Daga ƙofar shago ba na gane wanda ke tsallaken titi sai ya yi magana. Ƙarshen titin da kake faɗa, rabona da shi tun bara. Na karanta takardarka da hancina a kan takarda, na kai wurin da ka ce ko yaro zai iya.

Kuma ban rubuta maka don a karanta wa mutanen ɗakin inji ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba na gaya maka, ka mai da shi abin shan shayi.

Na mayar wa mutane yadinsu. Na lulluɓe keken da tsohon zanen gado. Ka ce wa asibiti su ba wani ranar.

Yayarka

*

Yaya,

Ni ce, matar Auta. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata kin tashi lafiya. Yara na gaishe ki, babban na tambaya ko har yanzu kina da alewa a cikin gwangwanin maɓallai.

Takardarki ta iso bayan jirginsu ya tashi, na buɗe don haka ya bar mini umarni. Da wayarsa ta shiga na karanta masa. Da na kai aya ya ce, “Ki ce mata ni jaki ne.” Na ce wannan ta sani, ka ba ni wani saƙon. Ya ce ki yafe masa.

Ni ma ina da nawa neman afuwar, na zargin da na yi miki a kan kwanon abinci. Amma wannan sai mun haɗu.

Ban soke ranar ba. Na koma asibitin na tambayi likitar ido, na ce mai jirin mota da ba ta gani nesa fa? Ta ce da sauƙi: ki rufe idon gaba ɗaya. In ido ya yi shiru, kunne ba shi da abokin gardama. Ki jingina kai da kujera kada ya riƙa lilo, iska na shigowa, ki ɗan riƙa tsotsar citta in tana yi miki. Akwai ƙwayar da ake sha kafin a tashi, amma ta ja kunnena: kada ki saya a kemis da kanki, don akwai ciwon idon da ba ya shiri da ita. Ki fara tambayar likitan da ya duba ki.

Kuma ba motar tasha za ki shiga ba. An yi mana hutun makaranta, ni zan zo da 'yar motata in ɗauke ki. Ba fasinja, ba mai kallo. Duk inda kika ce tsaya, tsayawa za mu yi, ko da za mu kwana a hanya.

Saura hannun da bai iya zama haka nan ba. Wannan ban da magani, sai dai in ba bakinki aiki. Ina so ki ba ni labarin ƙaninki tun yana cikin zane, musamman waɗanda ya hana a faɗa. Ina ganin za su kai mu har gida.

In kin ce a'a, zan zo duk da haka, in sha shayi in koma.

Ƙanwarki

*

Auta,

Gaisuwa daga kan keke. Na iso gida lafiya, Malama ta kwana biyu ta juya. Ina sa maganin ɗigawa a kan lokaci, ba na sunkuyawa, ba na ɗaga abu mai nauyi, don haka kada ka fara. Dubi rubutun nan kuma ka faɗi gaskiya, wa ya fi wani iya rubutu tsakanina da kai?

Ka iso a gurguje ka koma a gurguje, ba mu zauna ba, kuma na san matarka ta riga ta ba ka nata labarin tafiyar. Ga nawa, shi ne na gaskiya. Ta iso da burodi da shayi a fulas, ta tsaya a kaina sai da na ci, ni da ban taɓa shiga mota da komai a ciki ba. Ta ƙwace jakar ɗinkina ta jefa a but ɗin mota. Likitanmu ya yarda da rabin ƙwaya, na sha. Na zauna gaba kamar matar gwamna, na rufe ido, iska na dukan fuskata, ina jiran mutuwa.

Ba ta zo ba. Wajen hawan dutsen nan mai kwana-kwana abin ya taso, na ce tsaya, ta tsaya. In ta ce maka amai na yi, sharri ne, tofarwa ce. Na zauna a bakin hanya, ta riƙe mini goshi da tafin hannunta, ba ta ce sannu ba balle ta ba ni kunya. Muka koma mota na ci gaba da ba ta labarinka daga inda na tsaya, wato ranar da ka maƙale kanka a tsakanin ƙarafan taga. Yanzu ta san komai, har da na makarantar kwana. Mun yi biyu-biyu da kai da mutanen ɗakin inji, na yafe.

A dawowa kuwa ido biyu na yi tafiyar, ko in ce ido ɗaya da rabi. Ashe akwai kogi a hanyar nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, don ban iya faɗarsa a gaban matarka da 'ya'yanka ba. Da safen da aka cire mini bandeji, haske ya fara dukana, sai farar rigar likita, sai ƙofa. A bakin ƙofar na ga wani dattijo tsaye da jaka a kafaɗa, kai fari fat, ya ɗan karkata wuya gefe guda. Na ce a raina, Baba ne. Baba da muka binne tun kana aji uku. Sai dattijon ya buɗe baki ya ce, “Yaya, kina ganina?”

Kun ɗauka zafin aikin ne ya sa ni kuka, har likita na ba ni haƙuri. Ba shi ba ne. Kana zuwa gaishe ni, ina jin muryarka, ina ganin inuwarka a ƙofar shago, ni kuwa a raina yaron nan nake gani mai baƙin gashi da na raka tasha. Ba wanda ya gaya mini ka tsufa. Yaushe aka yi haka? Ina can lungu na rufe fuska da mayafi, ƙanina ya zama dattijo, ɗansa ya yi gemu, ban ga ko ɗaya ba.

Likita ta ce na hagun sai na dama ya warke sarai. Ka je ka karɓo ranar, amma ka zaɓi lokacin da jirginku ke gaɓa, kuma ka nemi hutu na gaske. Ba kwana uku zan yi ba. Zan zauna in yi ta kallonka har sai ka gaji, kuma kada ka kuskura ka sa hula.

Yayarka